Mr. Bean ya haɗa mu, ajin Mista Brown ya raba mu

Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya, a wani gidan haya da ke kusa da Jami'ar Tarayya ta Dutse: ɗan Kiyawa, ɗan Jahun, ɗan Birnin Kudu, sai wanda aka haifa a nan Garu. Tukunyarmu ɗaya, risho ɗaya, kwamfuta ma ɗaya ce, kuma ita ce talabijin ɗinmu da daddare idan da sauran caji. Ba mu taɓa faɗa a kan abinci ba. Abin da ya kusa shiga tsakaninmu, ko ku yarda ko kada ku yarda, dariya ce.

A kan Mr. Bean dai babu gardama. Tun muna firamare muke kallonsa a wayoyin yayyenmu. Rowan Atkinson, wanda ya fito a matsayin wannan dolon, injiniyan lantarki ne da ya yi digiri na biyu a Jami'ar Oxford. An fara nuna shirin a Ingila ranar 1 ga Janairun 1990, kuma duk sunan da ya yi a duniya kashi 15 ne kacal. Ku da kuke shirin WAEC da NECO, ku nemi kashin farko. Bean ya shiga ɗakin jarrabawa da tulin alƙaluma, ya buɗe ambulan ya tarar da tambayoyin fannin lissafin da bai karanta ba. Ya ƙare lokacinsa yana dabarar leƙen takardar maƙwabcinsa, sai ana dab da tashi ya gano ashe akwai wata takardar a cikin ambulan ɗin, ta fannin da ya karanta. Ba sai ka ji Turanci ba. Kakar ɗan Kiyawa ma ta taɓa kallo, ta ce wannan bawan Allah a kai shi a yi masa addu'a.

Ɗan Garu, da yake Turanci yake karanta, ya so ya ɗora mu a kan Fawlty Towers, labarin wani mai otal mai saurin fushi da John Cleese ya fito a ciki. Shi kaɗai yake ƙyaƙyatawa, mu muna kallonsa. Ya ce ai gatse ne irin na Turawan Ingila. Muka ce gatse ai a gida muka gan shi, amma gatsen da sai an tsayar da fim an yi maka bayani ya riga ya huce.

Rigimar ta zo ne daga Mind Your Language. Iyayenmu da suka kalle shi a talabijin suna samari har yau suna ba da labarinsa. An fara shi a 1977. Wani malami ne, Mista Brown, yake koyar da baƙi Turanci a ajin yamma a Landan: akwai Ali ɗan Pakistan da Ranjeet ɗan Indiya waɗanda kullum suna cacar baki, akwai ɗan Italiya, da 'yar Jamus, da ɗan Japan. Kowa da irin kwaɓar da yake yi wa Turanci, kuma a nan dariyar take. Daren da muka kunna shi, uku daga cikinmu har da riƙe ciki. Can muka lura ɗan Jahun ya ɗauki buta ya fita, bai dawo ba sai da muka kashe.

Kwana biyu bayan haka, muna cin garau-garau, ya faɗa mana dalili. Yana aji ɗaya a sakandare, sabon zuwa daga ƙauye, aka tashe shi ya yi karatu a gaban aji. Ya zo kan kalmar people ya ce "fiful". Aji ya fashe da dariya, malamin ma bai iya daurewa ba. Daga ranar sunansa ya koma Fiful, har ya gama aji shida. Ya ce shekara shida bai sake ɗaga hannu ba, ko da ya san amsa. Alhali ba wani abin kunya ba ne: Hausa ba ta raba p da f, kamar yadda Bature zai kwana yana fama bai furta ƙ ko ɗ ba.

Ɗan Birnin Kudu bai yarda ba. Ya ce, "Haba mutumina, ai wasa ne. Samanja fa? Ba da gurɓataccen Turanci ya yi suna ba?" Gaskiyarsa ta nan. Marigayi Usman Baba Pategi ya shekara da shekaru yana cakuɗa Hausa da Turancin barikin soja, kuma sojojin da kansu suna cikin masu sonsa. Ya kawo marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya ce wa ya bari bai tsokana ba? Ya kawo wasan Fulani da Barebari, da na taubasai, da na jika da kaka. Ya ce mutanen da suka gaji wannan duka ba su ne za su yi fushi da fim ɗin Turawa ba.

Ɗan Jahun ya ce, "Malam, idan Babarbare ya tsokani Bafulatani a kasuwar Shuwarin, Bafulatanin a nan take yake ramawa, kowa ya yi dariya a watse. Ni wa zan rama wa? Mutum hamsin ne a kaina."

Nan muka yi shiru, domin ya taɓa inda ba mu zata ba. Kowannenmu ya tuna wani da muka laƙaba wa suna a makaranta. Akwai mai in'ina, akwai wanda wandonsa ya ɗage. Muna ce da shi wasa, amma ba mu taɓa tsayawa mun ga ko shi ma yana dariyar ba.

Duk da haka ba mu ce Mind Your Language ba shi da daɗi ba. Yana da shi, ƙarya ne mu ce ba ya ba mu dariya. Ali da Ranjeet suna rama wa juna, shi kansa Mista Brown sau da yawa shi ne yake jin kunya a gaban shugabar makarantar. Sai dai ko a can Ingila ba kowa ya so shi ba. An dakatar da shi a 1979, kuma cikin manyan gidan talabijin ɗin akwai wanda ya ga ana mayar da baƙi abin ba'a ne kawai. Ɗan Garu yana ganin sun yi daidai. Ɗan Birnin Kudu har gobe cewa yake sun cika tsanani.

Ba mu goge shi daga kwamfutar ba. Mukan kalla idan ɗan Jahun ya tafi gida ƙarshen mako, kuma ya sani, bai hana ba. Idan muna tare, Mr. Bean ake sakawa. Makon jiya, daren jarrabawar lissafinsa, shi da kansa ya ce a maimaita masa wurin ambulan ɗin nan, ya yi ta dariya har maƙwabcinmu ya buga bango.