Usur Ɗin Da Na Busa Saboda Tsoro



Ranar Asabar da ta wuce ƙanena ya dawo daga Sakkwato da usur sabo fil da kati biyu, ja da ruwan ɗorawa. Wai zai fara alƙalancin wasan ƙwallo na samarin unguwa a nan Boɗinga. Ya zauna kusa da ni ya ce, "Yaya, kai da ka taɓa yi, mi za ka ce mani?" Na yi shiru, domin ban taɓa gaya masa abin da ya sa na ajiye nawa usur ba.

Lokacin ina hutun kwalejin kimiyya da fasaha, samarin Shagari suka zo mana wasan sada zumunta da Sallah ƙarama. Aka ce ni zan busa, tunda ni ke yawo da dokokin wasa a waya. Fili ba shinge, ba layi sai na toka, 'yan kallo har kan layin. Saura minti biyar a tashi, ana kunnen doki ɗaya da ɗaya, sai ɗan wasan Shagari ya yi jifa mai nisa. Abokinsa da ke tsaye bayan masu tsaron bayanmu ya tare, ya zura a raga. Fili ya ɗauki ihu: "Satar gida! Satar gida!"

Na san babu satar gida a jifa. Doka ta 11 ta faɗa ƙarara: ba satar gida ga wanda ya karɓi ƙwallo kai tsaye daga jifa, ko bugun kwana, ko bugun gola. Amma na ɗaga ido na ga abokaina, na ga kawuna a tsaye, na tuna da waɗanda zan zauna da su a majalisa da dare. Sai na busa, na soke ƙwallon.

Ba wanda ya taɓa ni. 'Yan Shagari suka hau motarsu shiru. Wani dattijo da ya rako su ne kawai ya tsaya gabana ya ce, "Yaro, mi kab busa? Jihwa na, kuma ka sani." Bai ƙara ko kalma ba. Abin mamaki, bayan wata biyu da unguwanni biyu na garinmu za su kara, duka suka ce ba su yarda da ni ba. Waɗanda na yi dominsu su ne suka fara gudu na, don sun ga ihu na iya juya ni.

Duk wannan na kwashe na gaya wa ƙanena, sannan na ba shi abin da na tsinta.

Na ce ya san doka fiye da mai ihu. Dokokin 17 ne kacal, kuma hukumar IFAB tana sabunta su. Misali, daga 2025 golan da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8, bugun kwana ake ba abokan hamayya. Da yawa a filayenmu ba su ji wannan ba, don haka ya tara kyaftin biyu kafin a take wasa, ya yi musu bayani, ya ce da su kaɗai zai yi magana in rigima ta taso.

Na ce ya bi ƙwallo da ƙafa, kada ya kafe a tsakiyar fili. Hukuncin da aka yanke daga kusa ya fi shiga kunne. Ya sha ruwa, ya sa wani amintacce ya riƙe masa agogo na biyu. Ko Janny Sikazwe na Zambiya, a gasar cin kofin Afirka a Kamaru cikin Janairun 2022, ya tashi wasan Mali da Tunisiya a minti na 85, zafi ya juya masa kai. To ina ga ranar Sakkwato a watan Afrilu?

Na ce kada ya karɓi ko kuɗin mai daga ƙungiya ɗaya a ɓoye. In akwai ladan busa, a ba shi a gaban kowa. In ya yi kuskure, kada ya rama wa ɗaya ɓangaren da wani kuskuren. In kuma yana son wata rana ya busa a filin Giginya, ya nemi reshen ƙungiyar alƙalan wasa ta Najeriya a Sakkwato, ya yi kwas.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi mini nauyi a baki. Na ce, in garinku ke wasa da baƙi kuma ka san zuciyarka ba za ta ɗauka ba, miƙa usur ga wani tun kafin a fara. Wannan ba abin kunya ba ne.

Juma'a mai zuwa bayan La'asar zai busa wasansa na farko. Ya roƙe ni in riƙe masa tuta a bakin layi, na kuwa amsa. Ku sa mu a addu'a. Gyara da shawara, ƙofa a buɗe take.