Makullin da Ba Wanda Ya Ajiye Mana

Yawancinmu muna yawo da wata dukiya a aljihu wadda ba mu sanin darajarta sai ranar da ta kuɓuce: kalmomin sirri. Ga ta imel, ga ta banki, ga ta shafin JAMB, ga ta makaranta, ga ta Facebook. Da yake kai ba ya iya riƙe su duka, mun danƙa su ga burauza, Chrome ko Firefox, ita take tuna mana. Muka kuma kunna daidaita bayanai, domin abin da muka ajiye a waya ya bayyana a kwamfuta.

Sauƙi ne ƙwarai, amma dukan ɗakunan nan ƙofa ɗaya suke da ita. Ran da aka sace waya ko ta faɗa ruwa, muka sayi sabuwa, sai ta ce mu shigar da abin da muka rubuta shekara biyu ko uku da suka wuce. A nan zufa take karyowa, musamman in gobe ne za a rufe rajista.

Ya kamata mu san yadda ƙofar take. A Chrome, kalmar sirrin asusun Google daban, jimlar sirri ta daidaitawa daban. Ta farko ana iya sake ta da lambar waya ko imel na biyu. Ta biyun kuwa, wadda mutum yakan ƙara da kansa, Google ba ya ajiye ta, don haka ba shi da abin da zai tuna mana. In ta ɓace, sai dai a sake saita daidaitawar, abin da ke ajiye a wurinsu kuma ya goge. A Firefox, da kalmar sirrin asusun Mozilla ake kulle bayanan. Wanda ya sake ta ba tare da makullin maido da asusu ba, ajiyarsa ta can ta tafi. Ba mugunta ba ce. Kwaɗon da kamfanin bai iya buɗewa ba, ɓarawo ma zai sha wuya a kansa.

Ga abin ƙarfafawa: abin da yake cikin na'urar kanta ba lallai ne ya goge ba. Tsohuwar wayar nan mai fasasshen gilashi, ko kwamfutar da ke gida, mai yiwuwa har yanzu tana riƙe da kome. Saboda haka kada mu yi gaggawar sayar da ita, ko mu kai wa mai gyara ya wanke ta, sai mun ga bayananmu sun sauka a sabuwa.

Sauran kuwa aikin yau ne, tun ƙofa tana buɗe. Mu rubuta jimlar da makullin a takarda, mu ajiye tare da takardun makaranta, ba a cikin wayar ba. Mu duba ko layin da muka ba asusun yana hannunmu har yanzu. Mu kuma taimaki iyayenmu da muka buɗe wa asusu, gama sau da yawa mu kaɗai muka san abin da aka rubuta.

Mantuwa halin ɗan adam ce, ba abin kunya ba. Ajiya kuwa maganin wata rana. Kafin mu kwanta yau, bari mu nemi biro da takarda.