Daga Kano Zuwa Haramaini Ta Alƙahira: Neman Tikiti Mai Rangwame

A wannan mako za mu duba wata tafiya da 'yan kasuwa da ma'aikata suka sha yi mana tambaya a kanta, watau mutum ya tashi sau ɗaya ya haɗa ziyara da Umra da saro kaya, ba tare da kuɗin jirgi ya cinye guzurinsa ba. Ba aikin Hajji muke nufi ba, domin shi yana hannun Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, da hukumomin jihohi da kamfanonin da ta yarje wa.

Tafiya mai zango-zango ba baƙuwa ba ce gare mu. Kakanninmu sun bi ta Barno da Wadai da Fashir har bakin Bahar Maliya, suna fatauci a hanya, wani ya shekara biyu, wani bakwai. Jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925, daga baya tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i. Fatauci a hanyar ibada kuwa halal ne, kamar yadda aya ta 198 ta Suratul Baƙara ta nuna. Abin da ya canja shi ne lissafi, musamman tun 2023 da aka saki darajar Naira, farashin tikiti ya yi tashin gwauron zabi.

Hanyar da muka bi, muke kuma ganin ta dace da mai ƙaramin ƙarfi, ita ce: Kano zuwa Alƙahira, Alƙahira zuwa Madina, sa'an nan Makka ta ƙasa, a tashi daga Jidda zuwa Istanbul, a komo gida ta Abuja. Ga dalilan wannan jeri.

Alƙahira tana kan hanya, saboda haka kwana biyu ko uku a cikinta sau da yawa ba ya ƙara wa tikiti abin a zo a gani, in an nemi haka tun wurin saye. Gari ne da ɗalibin ƙasar Hausa ba ya jin baƙunci a cikinsa. Ga Masallacin Azhar da aka aza harsashinsa a 970, ga na Amru ɗan Asi wanda ya girme shi da fiye da shekara 300, ga hubbaren Imamu Shafi'i. A nan Shehu Halilu mai Muhtasar ya rayu, littafin da har gobe ake karantawa a zaurukanmu. Daga nan kuma Imamu Suyuɗi ya aike wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Wanda ya shiga Azhar da hantsi, ya ga ɗalibai sun kewaye malami a gindin ginshiƙi, zai tuna makarantun soro na Kano da Zariya.

Sauka a Madina kafin Makka yana da amfani biyu. Na farko, mutum ba ya maimaita hanya: ya shiga ta wata ƙofa, ya fita ta wata. Jirgin ƙasa na Haramaini, wanda aka buɗe a 2018, yana cin tazarar kilomita 450 tsakanin biranen biyu cikin kamar sa'a biyu da rabi. Wanda bai iya kuɗinsa ba, ga motocin safa nan da sauƙi.

Amfani na biyu shi ne miƙati, a nan kuwa muke so a tsaya a natsu, domin kowace hanya da nata. Wanda ya fito daga Masar ya nufi Jidda, miƙatinsa Juhufa ne, kusa da Rabig. Wanda ya biyo ta Adis Ababa zai ratsa daidai Yalamlam. Wanda ya zo ta Doha ko Dubai kuwa, Ƙarnul Manazil ne nasa. Duk waɗannan a sararin sama ake wuce su cikin ƙiftawar ido, mutum yana gyangyaɗi, harami yana can cikin akwati a ƙarƙashin jirgi. A mazhabar Imamu Malik, wanda ya nufi Umra ya wuce miƙati, sa'an nan ya yi harama daga baya, yanka ya hau kansa. Ke nan rangwamen da aka yi murnar samu a tikiti ya tafi a kuɗin rago. Amma wanda ya fara da Madina, sai ya yi wankansa a masauki, ya tsaya Zul Hulaifa a bakin gari, ya yi niyya ƙafarsa a ƙasa, hankalinsa kwance.

Kasuwa kuwa a bar ta ƙarshe. Mai jan akwati huɗu na kaya ba ya jin daɗin ziyara, jirgin ƙasan ma ba ya karɓar kaya masu yawa, kuma kowane zango sai an sake awo. A Istanbul, unguwar Laleli ta ishi mai saro tufafi, wanda ya sami sarari kuma ya ziyarci kabarin Sahabi Abu Ayyuba Al'ansari, mai masaukin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

To, yaya za a sayi tikitin? Na ɗaya, a nemi duk zangunan su hau kan tikiti guda. Kamfanonin Masar da Turkiyya da Habasha duk 'yan ƙungiya ɗaya ne, watau Star Alliance, don haka a tambayi wakili ko za su haɗu. In jirgin farko ya makara a tikiti guda, kamfani ne zai nema wa mutum wani. In kuwa guntu-guntu aka saya, ko da jimlar ta fi araha a takarda, wanda ya rasa jirgi na biyu sai ya sake biya daga aljihunsa. Kada kuma a tsallake zango ɗaya da gangan, domin kamfani yakan soke sauran.

Na biyu, a dubi wata. Goman ƙarshe na Ramadan da hutun Disamba su ne ƙololuwar tsada, Muharram da Safar kuwa galibi da sauƙi. Ma'aikaci ya nemi hutunsa tun da wuri, ya kuma gwada ranaku biyu ko uku kafin ya tsayar, domin kwana ɗaya kan canja farashi.

Na uku, a tambayi nauyin kaya. Manyan kamfanoni sukan ba da akwati biyu masu kilo 23 kowanne, amma masu araha irin su flynas sukan sayar da kujera daban, kaya daban. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado. A tambaya kuma game da galan ɗin Zamzam mai lita 5, ko zai bi mutum har zangon ƙarshe.

Na huɗu, kowace ƙasa da za a kwana a cikinta tana da bizarta da kuɗinta. A tabbatar da wannan kafin a biya, tare da katin rigakafin shawara da fasfo mai sauran wata shida. Na biyar, a yi hattara da 'yan damfara. Ajiye kujera daban, yanke tikiti daban. Tikitin gaskiya yana da lamba mai alƙaluma 13, kuma ana iya duba shi a shafin kamfanin a intanet kafin a cika kuɗi.

Kada a manta da salla. Wanda bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, matafiyi ne, yana ƙasaru. Wanda ya yi niyyar mako a Madina kuwa cikawa zai yi.

A ƙarshe muna tunatar da 'yan'uwa cewa Umra sunna ce mai ƙarfi sau ɗaya a rayuwa, ciyar da iyali da biyan bashi kuwa wajibi ne. Kada mutum ya ci bashi da ruwa, ko ya taɓa jarin abokin ciniki, don a ce ya je. Wanda ya tara halalinsa ya tsara hanyarsa da ilmi, kaɗan ma ya ishe shi. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, ya karɓi ibadarmu, amin.