Tsatsa Ba Ta Gaggawa

Jiya da yamma, a wani gareji da ke gindin duwatsun Dutse, na tarar da wani dattijon makanike yana kwance tsohon injin sassaƙar ƙarfe da damina ta ci. Wani noti ya cije. Sai ya ɗiga masa kananzir da baƙin mai, ya ajiye sifana, ya ce sai gobe. Na daɗe ina kallon ƙarfen nan mai tsatsa. Laima da mantuwa ne suka yi ta kiwon tsatsar a hankali, ba wanda ya ji motsinta. Haka zumunci yake idan aka daɗe ba a waiwaye shi ba. Shi ma yakan cije, kuma haƙuri ne kaɗai ke kwance shi.