Yawo a Tsohuwar Kafanchan

Kafanchan ba ta bakin teku. Duk wanda ya tsaya a tsakiyar garin ya ɗaga kai, duwatsun Kagoro zai hango, ba jiragen ruwa ba. Duk da haka, teku tana da hannu a kafuwar garin. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa layin dogo daga Fatakwal zuwa Inugu a shekarar 1916 domin su riƙa kwasar kwal zuwa tashar jiragen ruwa. Daga baya suka ja shi arewa, ya bi ta Makurɗi, ya iso nan. Zuwa shekarar 1927 ya rabu biyu: reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗayan kuma ya haura Jos inda ake haƙar kuza. Mahaɗar nan ita ce ta zama gari. Kafin zuwan dogo, Fantswam ne ke zaune a wurin suna noma, kuma daga sunansu aka samo sunan Kafanchan.

A nan na girma. Ranar wata Asabar da damina na ware safiya guda domin in zaga tsohon gari da ƙafa. Mai hawa acaba yana isa da wuri, amma hankalinsa yana kan ramukan titi. Mai tafiya a ƙasa kuwa yana da damar tsayawa ya duba, ya gaisa, ya yi tambaya.

Na fara da tashar jirgin ƙasa. Ƙarafan dogo sun yi tsatsa, ciyawa ta tsiro a tsakaninsu, awaki suna kiwo ba mai korarsu. Wasu tsofaffin taragai suna tsaye a gefe, yara sun mai da su wurin wasan ɓuya. Na auna faɗin layin da ƙafata, na ga bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. Abin ya ba ni mamaki, a ce wannan siririyar hanya ce ta haɗa mu da teku mai nisan fiye da kilomita 700.

A gindin wani mangwaro na tarar da wani dattijo yana sauraron rediyo. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, ina kwana? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Jirgi kake jira? To, sai ka nemi tabarma," in ji shi, yana dariya.

Ya matsa mini a kan benci. Ashe tsohon ma'aikacin reluwe ne. Mahaifinsa daga ƙasar Ibo ya zo, aikinsa zuba kwal a wutar kan jirgi. Shi kuwa a Kafanchan aka haife shi, kuma Hausarsa ba ta da maraba da tawa. Ya ce a zamanin ƙuruciyarsa mutane ba su damu da agogo ba, kukan jirgi ne ke gaya musu lokaci. Da zarar ya tsaya, sai mata su yanyame tagogi da dafaffen ƙwai da gyaɗa da lemo, 'yan dako suna gudu da kaya a ka. Ya kuma ba ni labarin da ya ji daga mahaifinsa, cewa kafin a gama gadar Makurɗi a 1932, a jirgin ruwa ake ƙetarar da taragai kogin Binuwai.

Sai muryarsa ta yi ƙasa. A shekarar 1966, lokacin tashin hankali, ta wannan tasha iyalinsu suka gudu zuwa gabas. Bayan an gama yaƙin basasa a 1970 ya dawo shi kaɗai. Na tambaye shi dalili.

"Ɗana, can garin ubana ne. Nan kuwa aka binne cibiyata. Ina za ni?"

Ban sami abin cewa ba. Na yi masa godiya, na kama hanya.

Kusa da tashar akwai gidajen ma'aikatan reluwe, waɗanda muke kira kwatas. Ba sai an gaya wa mutum wane ne babba ba, ginin da kansa yana faɗa. Gidajen manyan ma'aikata suna da baranda da fili da itatuwa, na ƙanana kuwa ɗakuna ne a jere, ƙofa kusa da ƙofa. Kwanon rufin da yawa daga cikinsu ya yi ja, bango ya tsage. Wannan ya dame ni ƙwarai. A Ebute Metta ta Legas an gyara wani tsohon gidan reluwe mai suna Jaekel House, an mai da shi gidan tarihi, ɗalibai suna zuwa kallo. A ganina Kafanchan ta cancanci irin wannan, ko da gida ɗaya ne, tun masu ba da labarin suna raye.

Daga nan na bi ta ƙofar fadar Sarkin Jama'a. Ita ma fadar dogo ta biyo, domin a shekarar 1933 aka dawo da hedikwatar masarautar Kafanchan. Ban daɗe a wurin ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne kusancin masallatai da majami'u a wannan yanki, har mai tsaye wuri ɗaya yana iya jin kiran salla da kuma waƙar masu shirin ibadar Lahadi. Sai dai garin ya sha rikici, musamman a 1987 da 2011, kuma tabon yana nan. Akwai kangayen da ba a sake ginawa ba. Akwai iyalan da suka tashi daga unguwar da suka saba, suka koma inda masu addininsu suka fi yawa. Wanda ke cikin mota ba zai lura da inda wata unguwa ta ƙare wata ta fara ba, amma mai tafiya da ƙafa yana ji a jikinsa.

A kasuwa kam kowa yana nan. Bajju da Atyap da Ham da Fantswam, Fulani masu nono, Yarabawa da Ibo masu shaguna, kowa da harshen gidansu, amma da Hausa ake ciniki. Hausar nan tana da nata salo. Wani zai ce "ya tafi" alhali mace yake nufi, wani kuma ba ya bambanta "k" da "ƙ". Bakano yakan yi murmushi idan ya ji. A jarrabawa dole ne ɗalibi ya kiyaye waɗannan ƙa'idoji, amma ni ba na raina Hausar kasuwarmu, domin ta kusa shekara ɗari tana sasanta mai saye da mai sayarwa.

Tun kafin in kai layin masu citta, ƙamshinta ya sa ni atishawa. Kudancin Kaduna ya yi suna wajen noman citta. Ana tsaga ta, a shanya ta bushe, a ɗura a buhuna. Wata mata tana zaune a kan buhu tana lissafi, leburori suna loda wata babbar mota.

"Mama, sannu da aiki. Ina za a kai wannan kaya?"

"Legas, ɗana. Daga can kuma sai jirgin ruwa, zuwa ƙasashen da ban taɓa gani ba."

Na sayi ta naira ɗari biyar saboda shayi, ta ƙara mini gyara. Kafin in fito daga kasuwa hadari ya haɗu a kan duwatsun Kagoro, 'yan kasuwa suka shiga rufe buhuna da tamfol. Na rungumi cittata, na ruga rumfar wani tela na fake.