Barewar Ro a Dajin Tetfod

A gabashin Ingila, tsakanin lardin Nofok da na Safok, akwai wani babban daji mai suna Tetfod. Mutane ne suka dasa shi. An fara dashen a 1922, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye katakon ƙasar. Wurin rairayi ne, yawancin itatuwan kuwa masu ganye kamar allura ne, an jera su sahu sahu. Barewa iri huɗu ne ke zaune a ciki, amma wadda na fi so in ba ku labarinta ita ce wadda suke kira ro.

Ƙarama ce, ba ta fi babbar akuya ba. Tsayinta a kafaɗa santimita 60 zuwa 75 ne. Hancinta baƙi, haɓarta fara. Da zafi jikinta ja ne, da sanyi sai ya koma toka toka, har baƙo ya zaci dabba biyu ce. Saboda haka kada ka dogara ga launi.

Dubi bayanta, gama shi za ta nuna maka sa'ad da take gudu. Akwai farin tambari a gindinta, wutsiya kuwa sai ka ce ba ta da ita. Tambarin namiji ya yi kama da ƙoda, na tamata kuwa yana da ɗan tukun gashi a ƙasa. In ka ga wata ƙarama mai ɗan doro ta ɗaga wutsiya sama tana gudu, wannan munjak ce, asalinta daga Sin, ba ro ba.

Namiji kaɗai ke da ƙaho, gajere, mai reshe uku. Ga abin mamaki: ƙahon barewarmu ta gida ba ya faɗuwa, amma na ro yakan zube wajen Nuwamba ko Disamba, sabo ya tsiro cikin sanyi. In ta tsorata takan yi haushi kamar kare. Ba ta yin babban garke. Da asuba ko da almuru, a bakin daji, nan ake ganinta ɗaya ko biyu.

Sukan yi barbara a Yuli da Agusta, amma cikin ba ya soma girma sai wajen Janairu. Ta haka haihuwa takan faɗo a Mayu ko Yuni, lokacin da ganye ya wadata. Sau da yawa tagwaye ne, masu ɗigo ɗigon fari. Uwar takan kwantar da su cikin ciyawa, ta tafi kiwo. Masu yawo sukan iske ɗan shi kaɗai, tausayi ya kama su, su ɗauke shi suna cewa maraya ne. Alhali uwar tana kusa, jira take su wuce. Wanda aka ɗauka da wuya ya rayu a hannun mutum. Shi ya sa ake roƙon baƙi a watannin nan su riƙe karnukansu da igiya, su bar ɗan inda suka same shi.