Yadda Nahawun Hausa Ya Cece Ni A Romaniya

Sa'ad da na ke ɗalibi a kwalejin nan tamu ta Azare, ba darasin da na raina kamar nahawun Hausa. Na kan ce, ni da aka haifa a Katagum, wa zai koya mini harshen da na sha a nono? Malaminmu ya kan yi murmushi, ya ce, "Yaro, wata rana za ka neme shi."

Bayan na gama, Allah ya nufe ni da samun karatu a Bukares, babban birnin Romaniya. Mahaifina ya sayar da shanun huɗarsa biyu ya yi mini guzuri. Ƙa'idar can, baƙo sai ya shekara guda yana koyon harshensu, in bai ci jarrabawa ba, ba shi shiga jami'a. Na yi wata biyu a aji kamar kurma. In na tuna da shanun nan, barci ya kan gagare ni.

Ran nan malamarmu ta rubuta a allo: băiat, băiatul. Abokan karatuna suka ruɗe, suna neman kalma a gaban suna irin ta Ingilishi. Ni kuwa na duba, sai na ga ai namu ne: yaro, yaron. Su ma a wutsiyar suna su ke liƙa alamar abin da aka riga aka sani. Fată, yarinya, fata, yarinyar. Daga ran nan na tsaga littafina gida biyu, Hausa a dama, Romaniyanci a hagu.

Su ma suna da namiji da mace: un băiat, yaro guda; o fată, yarinya guda. Amma sun fi mu da jinsi na uku, wanda ya ke namiji in yana tilo, mace in ya yi jam'i. Misali kujera: un scaun, două scaune.

Haruffansu 31 ne, biyar masu alama: ă, â, î, ș, ț. Kada wanda ya raina 'yar alamar nan. Na taɓa nufin rubuta cewa na wanke fuska, fața, na mance da waƙafin ƙarƙashin t, ya zama fata. Malama ta karanta wa aji cewa na wanke yarinyar, aka yi ta dariya. Nan na tuna da jan birin malaminmu a kan baki da baƙi, kafa da ƙafa.

Ƙarshen shekara na ci jarrabawa. Da na dawo hutu na je in yi wa malam godiya, na tarar Allah ya yi masa rasuwa.

To, 'yan'uwana masu shirin zama malamai, gobe za ku sami yaro mai taurin kai irina a ajinku. Kada ku ƙyale shi. Ku yi ta haƙuri da shi har ya san namiji da mace, tilo da jam'i, a harshen uwarsa, don ba ku san ƙasar da zai kwana ba. Allah ya ji ƙan malamanmu, amin.